Gyaran Ƙanne Ba Sai Da Tsumagiya Ba

Yau za mu duba wani aiki da yawancinmu ke yi ba tare da an koya mana ba, wato kula da ƙanne. Da an tashi daga makaranta, mu ne masu goyo, mu ne masu raba faɗa. Wasunmu kuma monitoci ne, aji guda na hannunsu.

A Batsari da Safana wannan aiki ya ƙara nauyi. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, kuma hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, sun raba iyalai da yawa da gidajensu. Yaron da aka gudu da shi cikin dare, ya kwana a ajin firamare ko a gidan dangi, ba zai iya cewa "tsoro nake ji" ba. Sai dai ya riƙa cizo, da jifa, da birgima, ko wasan bindiga da karan dawa. Mu kuma sai mu ce ya kangare, mu ɗauko tsumagiya. Dukan yakan sa shi shiru na minti biyar, amma tsoron da ke cikinsa ƙaruwa yake yi.

Akwai wata hanya. Wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa duk halin da ya jawo wa mai shi wani amfani, maimaita shi zai yi. In ƙaninmu ya yi birgima muka miƙa masa alewa don ya yi shiru, mun koya masa cewa birgima na kawo alewa. In kuma ba mai kula shi sai ya yi ɓarna, to ko tsawar da muke yi masa lada ce a wurinsa.

Ga yadda za mu juya lamarin.

Na farko, mu zaɓi hali ɗaya tak, misali dukan ƙanwarsa. Mu yi kwana 3 muna lura: yaushe yake yi? Me ke faruwa kafin nan? Sau da yawa za mu tarar yunwa ce, ko barci, ko duhun magariba.

Na biyu, mu faɗa masa abin da muke so ya yi a taƙaice: "In ta ɗaukar maka kaya, zo ka gaya mini."

Na uku, mu yabe shi nan take idan ya yi daidai, mu kuma ambaci abin da ya yi: "Madalla, ka kawo ƙara, ba ka doke ta ba." Mu samo gwangwani, duk sanda ya yi haka mu jefa tsakuwa ɗaya. In sun kai 5, ya ci tatsuniya ko wasan ƙwallo tare da mu.

Na huɗu, kukan rigima mu kau da kai daga gare shi. Da farko zai ƙara ƙarfi kafin ya ragu, sai mun daure. Amma idan ya yi duka, a zaunar da shi gefe na minti 3 ko 4, inda muke ganinsa. Ban da kulle shi a ɗaki, ban da hana shi abinci.

Monitoci ma da nasu. An taɓa gwada wani wasa a wata firamare a Kansas ta Amurka: aka raba aji gida biyu, rukunin da ya fi kiyaye doka ya sami lada, sai surutu ya ragu sosai. Ku nemi izinin malam ku gwada.

Sai dai mu sani, fitsarin kwance da firgita cikin barci ba laifi ba ne, ba a hukunta su. In sun daɗe, ko yaro ya daina magana ko cin abinci, mu sanar da iyaye a kai shi asibiti.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye. Ku gwada na mako 2, ku rubuto mana abin da kuka gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.