Jirgin da bai fi goro nauyi ba: a bar wa hannu aikinsa

A watan Agusta na shekara ta 1871, wani matashi Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tara masana a lambun Tuileries na birnin Paris, ya murɗa zaren roba, ya saki wani ɗan jirgi mai nauyin giram 16. Jirgin ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Bayan shekara 32, ranar 17 ga Disamba 1903, jirgin ƴan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, ya tashi da mutum a Kitty Hawk ta Amurka, ya yi kimanin mita 37 cikin daƙiƙa 12. Akwai dangantaka tsakanin tashin biyu: a 1878 mahaifinsu ya kawo musu tsarabar wani ɗan jirgin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi bisa tsarin Pénaud, kuma su da kansu sun sha faɗin cewa daga nan sha'awar ta shige su.

Wannan tarihi ya isa ya sa a sake duban masu ɓata dare suna fiƙe katako da reza, suna haɗa ƙananan jiragen kwaikwayo da ake sarrafawa da rediyo. Jama'a da dama na ganin abin a matsayin wasan yara da manya suka ƙi bari. Wasu kuma na cewa zamani ya wuce shi, tunda kasuwa ta cika da jiragen da masana'antu suka gama haɗawa, a buɗe kwali kawai a tashe su. Duka ra'ayoyin biyu sun yi kuskure, amma na biyun ya fi haɗari, domin shi ne ke iya kashe sana'ar ba tare da an lura ba.

Sai an san wahalar aikin ake gane darajarsa. A ɗauki jirgin Piper J-3 Cub, wanda faɗin fukafukansa ya kai mita 10.7, kuma yana tafiyar kusan kilomita 120 a awa. In aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 24, fukafukan za su dawo santimita 45. Don ya yi kama da na gaske a idon mai kallo, gudunsa ma ya kamata ya ragu da wannan gwargwado, wato kilomita 5 a awa, tafiyar mutum da ƙafa. Nan gizo ke saƙa. Jirgi ba ya iya tafiya a hankali sai in ba shi da nauyi, kuma lissafin ba shi da sassauci: don a raba mafi ƙarancin gudunsa biyu, dole a rage nauyinsa zuwa rubu'i. Shi ya sa maƙerin irin wannan jirgi ke auna kowane sashe a kan ma'aunin da ke nuna kashi ɗari na giram, yana lissafin gam da fenti kamar yadda maƙerin zinariya ke lissafin ƙurarsa.

Kayan aikin ma darasi ne. Itacen balsa, wanda mafi yawansa daga Ekwado yake fitowa, yana da bambancin nauyi daga falle zuwa falle, har wani ya ninka wani. Akan zaɓi mai ƙarfi don ƙashin fiffike, mai taushi don wutsiya, sannan a lulluɓe da takardar Japan mai shara-shara. Wutar tana fitowa daga batir ɗaya na litiyom mai bolt 3.7, injin kuwa ɗan'uwan wanda ke sa wayar hannu karkarwa ne. A jirage mafi ƙanƙanta, abin da ke juya wutsiya ɗan maganaɗisu ne cikin naɗin siririyar wayar tagulla. Duk wanda ya taɓa haɗa waɗannan ya san cewa giram ɗaya da ya ƙaru a wutsiya sai an biya shi da giram uku ko huɗu a hanci, saboda wutsiyar ta fi nisa daga wurin da nauyin jirgin ke daidaita. Ya san kuma wurin nan yana tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike daga gaba, kuma in ya ja baya kaɗan jirgin zai ɗaga kai ya faɗo.

Iska ita ma tana sauya hali. Ga ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali, iska takan yi danƙo, ta ƙi bin bayansa yadda take bin na babban jirgi. Masana suna auna wannan da adadin da aka raɗa wa sunan Osborne Reynolds, wanda ya yi gwaje-gwajensa a Ingila a 1883. A 1942 wani malami Bajamushe, F. W. Schmitz, ya fitar da littafi a kan yadda iska ke aiki a jiragen kwaikwayo, inda ya nuna cewa a wannan ƙanƙanta fiffike siriri mai ɗan lanƙwasa ya fi mai kauri aiki. Ke nan wanda ya kwafi siffar babban jirgi ido rufe zai sami abin ado da ba ya tashi. Dole maƙeri ya yi shawara da kansa: ya ƙara girman wutsiya kaɗan, ya ɗaga bakin fukafukai sama don jirgin ya riƙa daidaita kansa, amma kada ƙarin ya yi yawan da zai ɓata kamanni. Wannan auna tsakanin kama da asali da iya tashi shi ne zuciyar sana'ar, kuma ba a sayar da shi cikin kwali.

Masu goyon bayan jirgin kanti suna da hujja, kuma bai dace a raina ta ba. Yana da arha, yana jure faɗuwa, kuma na'urar da ke cikinsa tana gyara kuskuren sabon matuƙi. Tun da aka koma ga rediyo mai zangon gigahaz 2.4 a tsakiyar shekarun 2000, jirage da yawa na iya tashi wuri ɗaya ba tare da saƙon wani ya shiga na wani ba, abin da ya buɗe ƙofa ga dubban mutane. Duk wannan alheri ne. Sai dai abin da jirgin kanti ke koyarwa shi ne tuƙi. In ya karye, mai shi yakan nemi sabon sashe ko sabon jirgi. Wanda ya fiƙe nasa da hannu kuwa, in ya faɗi, zai ɗauko shi ya tambayi kansa dalili: nauyi ne ya ja baya, ko fiffike ne ya karkace, ko farfela ce ta fi ƙarfin injin? Daga irin wannan tambaya injiniya ke fitowa.

Shaidu suna nan. Paul MacCready ya taso yana haɗa jiragen kwaikwayo. A 1977 jirginsa Gossamer Condor, wanda ƙarfin ƙafar mutum ke tuƙawa, ya ci kyautar Kremer, a 1979 kuma Gossamer Albatross ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Kamfanin da ya kafa, AeroVironment, yana cikin waɗanda suka ƙera Ingenuity, ɗan jirgi mai saukar ungulu mai nauyin kilo 1.8 da ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu 2021. Iskar can ba ta fi kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin ta duniya ba, don haka matsalar da injiniyoyin suka fuskanta ƴar'uwar wadda Schmitz ya yi nazari ce. An maƙala wa Ingenuity ɗan ƙyalle daga fiffiken jirgin ƴan'uwa Wright. Raina kama ka ga gayya.

Wata ƙorafin ita ce tsada: balsa da batir da na'urar rediyo duk daga waje suke zuwa, kuma balsar ta yi tashin gwauron zabo wajen 2020, lokacin da masu ƙera fukafukan injinan samar da lantarki daga iska suka yi rububinta. Gaskiya ne. Amma mafarin sana'ar ba ya bukatar rediyo. Ajin gasar da ake kira Peanut, mai iyakar fiffike santimita 33, da roba yake tashi. Jiragen ajin F1D na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, nauyinsu bai fi giram ɗaya da rabi ba, kuma sukan yi sama da minti 20 suna shawagi a ramin haƙar gishiri na Slănic da ke Romaniya, inda aka sha yin gasar duniya. Yaron da ke fere karan dawa yana haɗa mota da fitilunta da ƙofofinta ya riga ya mallaki ido da haƙurin da aikin ke bukata. Abin da ya rage masa shi ne ma'auni, da wanda zai nuna masa inda nauyi ke daidaita.

Saboda haka nauyin yana kan makarantu da jami'o'i. Ɗakin karatu mai faɗi ko zauren wasanni ya isa filin jirgi, tunda waɗannan jirage ba sa son iska mai ƙarfi. Ƙungiyar ɗalibai guda, da ma'auni ɗaya, da reza, da gam, za ta iya farawa da jirgin da ake jefawa da hannu, ta wuce zuwa na roba, rediyo ya zo daga ƙarshe. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne kowa ya tashi abin da hannunsa ya haɗa, ya kuma rubuta nauyinsa da dalilin kowace faɗuwa. Ƴan'uwa Wright, suna yara, sun yi ta ƙera kwafin abin wasansu, sai suka ga duk wanda suka ƙara wa girma yana ƙara kasa tashi. Sai daga baya suka fahimci cewa in tsawo ya ninka biyu, faɗin fiffike sau huɗu yake ninkawa, nauyi kuwa sau takwas. Da an kawo musu wanda ba ya karyewa, da babu abin da zai sa su zauna su ƙera wani.