A Ba Mai Keke Haƙƙinsa

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, talakawa da yawa sun kakkaɓe kekunansu, daga Dukku da Rijau har garin Kontagora. Amma mai keke a cikin gari yana shan wuya. Yana tuƙi yana haki, yana zuƙar hayaƙin manyan motoci da ƙurar hunturu, ga tari, ga ciwon ido, ga ramuka. Ko Ministan Sufuri Ojo Maduekwe sai da mota ta ture shi daga kan kekensa a Abuja a 2001, balle talaka.

Wajibi ne Gwamnatin Jihar Neja ta cike ramuka, ta keɓe wa kekuna gefen titi, ta kuma hana motoci masu baƙin hayaƙi yawo. Lafiyar talaka ita ce jarinsa.