Labarin Hanya: Tara ana mantawa da ita, maki ba ya mantuwa

Ranar kasuwar Matameye, motoci suna fita maƙare da rake, hatsi da awaki. Wasu su nufi Takieta da Damagaram, wasu su bi ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Mutane suna zaune bisa kaya. Direba yana sauri don ya yi sawu biyu. In jandarma ya tsai da shi, sai ya biya tara ya wuce. Gobe ya sake.

Don haka wasu ƙasashe suka sake dabara. Sun sa maki a kan parmi, wato takardar izinin tuƙi.

Faransa ta soma a 1992. Da farko maki 6 ne. Direbobin manyan motoci suka toshe hanyoyi, sai aka mai da su 12 a cikin wannan shekarar. Abin kamar tiya 12 ne cikin rumbu: kowane laifi sai a ɗebi wasu. Riƙe waya ana tuƙi, maki 3. Tuƙi cikin maye, maki 6. In rumbu ya ƙare, parmi ya mutu. Sai direba ya jira wata 6, kuma ya sake jarrabawa. A 2024 an sassauta: wanda ya zarce gudun da aka ƙayyade da ƙasa da kilomita 5 a awa zai biya tara, amma makinsa na nan.

A Nijeriya, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana rubuta maki kamar bashi. Waya a hannu maki 4, tuƙin ganganci maki 10. In bashi ya taru, sai a karɓe takardar.

Amfanin abin a fili yake. Mai kuɗi ba ya jin zafin tara. Amma direban da ya rasa parmi ya rasa abincin gidansa.

Manomi da makiyayi su ma suna da nasu laifin. Su ne ke roƙon a ƙara buhu ɗaya, a ƙara rago ɗaya. Mota mai nauyi ba ta jin birki. In ta kife, ba direba kaɗai ake kaiwa likita ba.

In mota ta cika, a jira ta baya. Tafiya sannu sannu kwana nesa.