Tunisiya ta bi hanyar tazarce

A ranar 14 ga Janairun 2011 shugaban Tunisiya Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya, wata guda bai cika ba da Muhammad Bu'azizi ya cinna wa kansa wuta a Sidi Buzid, abin da ya tada bore. Mubarak na Masar ya sauka a Fabrairu, aka kashe Gaddafi na Libiya a Sirte a Oktoba. Mu a ƙasar Arewa, a Nijar, ba a rediyo kaɗai muka san labarin ba. Samarinmu na Kore Mairuwa da Dumega da Dogon Dutsi da suka tafi cin rani Libiya sun dawo hannu rabbana, makaman Gaddafi kuma suka gangaro Mali a 2012. Har yau Sahel na ɗanɗana kuɗarta.

Amma Tunisiya ce ta fi tsaya mini a rai, don ita aka ce ta tsira. Ta yi sabon kundin tsarin mulki a 2014, ta yi zaɓe, ƙungiyoyi huɗu da suka sasanta ƴan siyasarta suka samu lambar Nobel a 2015. Sai ga shugaba Kais Saied a ranar 25 ga Yulin 2021 ya dakatar da majalisa, daga baya ya rushe ta, ya rushe majalisar alƙalai, ya kira zaɓen raba gardama a 2022. Wane ɗan Nijar ne bai gane wannan sawun ba? A 2009 shugaba Tanja Mamadu ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki, ya kira raba gardama a watan Agusta. Tazarce muka kira shi, kuma soja ne suka kawo ƙarshensa a Fabrairun 2010.

Abin da ke damuna shi ne jama'a sun fito titi suna tafa wa Saied. Ban ga laifinsu duka ba. Shekara goma jam'iyyu na cacar baki a majalisa, saurayi mai digiri na zaman kashe wando, abinci na ƙara tsada. Ka je tashar Kore Mairuwa ka tambayi matashin da ke jiran motar Agadas, zancen tiyar hatsi da aikin yi zai yi maka, ba na kundi ba. Ƴan siyasar da suka bari yunwa ta ci talaka su ne suka buɗe wa Saied ƙofa. Yau Rashid Gannushi, wanda ya shugabanci majalisar, yana gidan kaso tun 2023, kuma babu alƙalin da zai iya ce wa shugaba a'a.