Mutum-mutumi: aikin wa zai karɓa?

A shekarar 2022 kamfanin Uniccon ya nuna wa jama'a Omeife a Abuja, wata na'ura mai siffar mace wadda masu ita suka ce tana jin harsuna da dama, har da Hausa. Kafin nan, a 2017, Saudiyya ta ba wata irinta mai suna Sophia shaidar zama ƴar ƙasa. Tun daga lokacin ake ta muhawara kan yadda ɗan Adam zai zauna da mutum-mutumi: abokin hira ne, ko bara, ko kishiya?

Mu a nan Damagaram tambayarmu ta fi wannan gaggawa: aikin wa zai karɓa, kuma aljihun wa ribarsa za ta shiga?

Sunan da Turawa suke kiran na'urar da shi ya fito ne daga wani wasan kwaikwayo na Karel Čapek na 1920, daga kalmar da ke nufin aikin tilas a harshen Cek. Kakanninmu sun san aikin tilas a jikinsu, sai a 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke shi. Saboda haka ba mu ƙin na'urar da za ta ɗauke wa mutum aikin da ke karya ƙashin baya. In akwai wadda za ta hutar da matan Zinder jeren jarka a bakin famfo, muna marhabin da ita.

Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Japan na ƙera waɗannan na'urori ne domin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta sun haura shekara 65, hannayen aiki sun yi ƙaranci. Nijar kuwa kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba. Samarin da ke wuni a fada, daga Birni zuwa Kara-Kara, ƙarfinsu a jikinsu yake, abin yi ne babu. Ɗan kasuwar da zai sayo na'ura da kuɗin waje ya sallami yaran shago, ya tuna cewa waɗannan yaran ne masu sayen hajarsa a kasuwar Dole. Ma'aikacin gwamnati shi ma ya sani tagar da yake karɓar takardu na cikin wuraren farko da na'ura ke iya maye.

Muna kira ga hukumomi da abu biyu. Na farko, a tsara doka tun yanzu wadda za ta fayyace cewa in na'ura ta cuci mutum, mai ita ne zai gurfana gaban alƙali. Na biyu, a ba Jami'ar André Salifou kayan koyar da ƙira da gyara. A ƙarni na 19 maƙeran Sarki Tanimun sun zuba igwa a cikin wannan birni. Jikokinsu sun cancanci a koya musu buɗe cikin na'ura tun kafin ta iso kan iyaka a kwali.