Kura da Shan Bugu: Matashin Mai Binciken Ƙwaƙwalwa da Damar Aro

A watan Oktoba na 2008, lokacin da aka sanar da mutum uku da suka ci lambar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, Douglas Prasher yana birnin Huntsville na jihar Alabama a Amurka, yana tuƙa motar wani kamfanin sayar da motoci, yana sauke abokan ciniki a gidajensu in sun kawo gyara. An ba da lambar ne saboda wani furotin mai ƙyallin kore da ake samu a jikin jelifish, wata halittar teku mai kama da buɗaɗɗiyar lema. Prasher ne ya ware ƙwayar gadon da ke haifar da furotin ɗin, ya wallafa bayaninta a 1992. Kuɗin tallafinsa suka ƙare, ya nemi wasu bai samu ba, sai ya aika wa Martin Chalfie da Roger Tsien abin da ke hannunsa kyauta. Su biyun ne suka karɓi lambar tare da Osamu Shimomura. Sun yi halacci, sun ambaci sunansa, har sun ɗauki nauyin tafiyarsa Stockholm wajen biki. Sai dai halaccin mutum biyu ba ya wanke tsarin da ya zubar da mutumin tun farko.

Na fara da labarinsa ne domin masu binciken ƙwaƙwalwa na yau suna cin gajiyar guminsa kullum. Daga wannan furotin aka ƙera wani sinadari da ake dasawa a ƙwayoyin jijiya, wanda ke haskawa duk lokacin da ƙwayar ta motsa don aika saƙo. Da shi ake zuba ido a kan ƙwaƙwalwar ɓera yana raye, a ga waɗanne ƙwayoyi ne suka kunnu sa'ad da ya tsorata ko ya tuna hanyar abinci. Wannan shi ne fagen da nake magana a kai: binciken yadda ƙwayoyin jijiya ke saƙuwa da juna su zama layukan sadarwa, da yadda layukan ke haifar da ɗabi'a. A kan ɗan Adam akwai irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Fage ne da ya bunƙasa matuƙa, musamman tun da gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da babban shirinta na binciken ƙwaƙwalwa a 2013, kuma babu kalmar da jagororinsa suka fi so kamar "dama". Dama ga matasa, dama ga masu tasowa. Ina da'awar cewa mafi yawan abin da ake kira dama a nan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ga yadda abin yake. Matashi ya shafe shekara huɗu zuwa shida yana digiri na uku. Ya gama, sai a ce masa bai isa ya riƙe ɗakin bincike ba tukuna, ya je ya zauna a ƙarƙashin wani babba da kwantiragin shekara biyu ko uku. Tambayar da zai bincika ta maigidan ce, domin shi ya rubuta takardar neman kuɗi. Kayan aikin nasa ne, ɓerayen ma nasa ne. In matashin baƙo ne a ƙasar, takardar izinin zamansa tana rataye da wannan aiki, ranar da aka sallame shi ranar zai fara ɗaure kaya. Kwantiragi ya ƙare, a nemi wani a wani gari, sau da yawa a wata ƙasa, da mata da 'ya'ya in akwai. A Amurka, a 1980, matsakaicin shekarun mai bincike sa'ad da ya fara samun babban tallafi na kansa daga hukumar binciken lafiya ta ƙasa bai wuce 36 ba. Yanzu ya haura 42. Wato mutum yakan ƙare shekarunsa mafi kaifin tunani yana amsa tambayoyin wani.

Wani zai ce ai kowace sana'a haka take, sai an yi bauta kafin a yaye. Gaskiya ne, kuma ban zo in ce a miƙa wa ɗan koyo maƙera ranar da ya fara riƙe zugazugi ba. Amma a ƙira akwai ranar yaye, maigida ya san ta, yaro ya san ta. A nan kujerun dindindin ba su kai ko kusa da yawan waɗanda ake horarwa ba, kuma kowa ya sani. Ɗakin bincike ɗaya yakan yaye ɗalibai da dama a tsawon rayuwar shugabansa, alhali kujera ɗaya ce zai bari in ya yi ritaya. Ana ci gaba da ɗibar matasan ne saboda su ne hannayen da ke aikin da arha: su ke yi wa ɓera tiyata, su ke kwana gaban na'ura, su ke rubuta lissafin kwamfuta. Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan ciniki suna: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi damuna ma ba zaluncin ba ne kaɗai, ɓarnar da yake yi wa ilimin kansa ce. Mai son gano yadda wani layin jijiya ke sarrafa ɗabi'ar ɓera sai ya haɗa iri ya jira haihuwa, ya jira 'ya'yan su girma, ya yi musu tiyata, ya jira su warke, sannan ya shafe makonni ko watanni yana koya musu aikin da zai auna. Kuskure ɗaya ya isa ya cinye rabin shekara. To, wanda ya san saura masa wata ashirin da huɗu, kuma ba zai sami aiki na gaba ba sai da takarda a babbar mujalla, wace irin tambaya zai yi? Zai zaɓi wadda ya riga ya hango amsarta. Zai kunna wasu ƙwayoyi da haske, ɓera ya daskare ko ya ruga, a rubuta cewa an gano "layin tsoro", a wuce. Tambaya mai zurfi, wadda ka iya cin shekara biyar ba ta ba da komai ba, babu mai hankalin da zai taɓa ta da irin wannan wa'adi.

Tarihin fagen kuwa kusan gaba ɗayansa shaida ce a kan wannan tsari. A bazarar 1939, a tashar binciken halittun ruwa ta Plymouth a Ingila, Alan Hodgkin mai shekara 25 da Andrew Huxley mai shekara 21 suka zura siririn bututu cikin ƙatuwar jijiyar sikwid, dabbar teku mai hannaye da yawa, suka auna wutar da ke gudana a cikinta daga ciki. Makonni kaɗan bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aikin ya tsaya cik. Sai a 1952 suka fitar da cikakken bayanin yadda jijiya ke aika saƙo, bayan Huxley ya shafe makonni yana murza na'urar lissafi ta hannu. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin gwajin farko da amsa. Abin da ya ba su damar komawa kan aikin shi ne kwalejin Trinity ta Kambirij ta riƙe su a matsayin 'yan gida, ba wanda ya tsaya musu da ƙidayar takardu.

David Hubel da Torsten Wiesel sun haɗu a 1958 a ɗakin binciken Stephen Kuffler da ke jami'ar Johns Hopkins. Kuffler ya ba su wuri ya sakar musu mara. Sun daɗe suna haska wa kyanwa ɗigon haske ba tare da ƙwayoyin sashen gani na ƙwaƙwalwarta sun kula ba, har ranar da inuwar gefen gilashin da suke zurawa a majigi ta gilma, ƙwayar ta ɓarke da harbi. Nan suka gane cewa ƙwayoyin layi suke nema, mai wata karkata ta musamman. A Norwe, May-Britt da Edvard Moser sun sami kujeru a Trondheim a 1996, shekara guda kacal bayan kammala digirinsu na uku, a wurin da ba a san shi da wannan ilimi ba. Sai a 2005 suka bayyana ƙwayoyin da ke zana wa ɓera taswirar wurin da yake tafiya. Da a ce kwantiragin shekara biyu aka ba su, da an sallame su sau huɗu kafin su kai ga abin da ya ba su Nobel a 2014.

Akwai kuma waɗanda tsarin ya ci. Ronald Konopka bai cika shekara 25 ba lokacin da shi da malaminsa Seymour Benzer suka wallafa, a 1971, cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke saita agogon jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Ya samo ƙudaje iri uku: masu yini na awa 19, masu na awa 28, da waɗanda agogonsu ya lalace sam. Wannan na cikin hujjojin farko masu ƙarfi cewa ana iya bin sawun ɗabi'a har zuwa ƙwayar gado. Jami'ar Caltech ta hana shi kujerar dindindin, daga baya ya bar bincike, ya rasu a 2015. Bayan shekara biyu aka ba wasu mutum uku Nobel saboda aikin da suka ɗora a kan ƙwayar gadon da ya gano.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare tsarin ke da ita ita ce zamani ya canja. Na'urar da ke leƙa cikin ƙwaƙwalwa mai rai tana da tsada ƙwarai, bayanan da ake tarawa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, dole a yi aiki cikin manyan rundunoni. Na yarda da rabin wannan magana. Amma in aikin na runduna ne, me ya hana a ba 'yan rundunar aiki na dindindin da albashin ƙwararru, kamar yadda ake ba injiniyoyi? Ba za a ce aiki na gayya ne lokacin noma, sannan ranar girbi a ce rumbu na mutum ɗaya ne ba. Kuma an riga an nuna cewa wata hanyar tana yiwuwa. Cibiyar Janelia da aka buɗe a Amurka a 2006 tana ba shugabannin ƙananan ɗakunan bincike kuɗi daga aljihunta don kada su ɓata lokaci wajen roƙo. Majalisar binciken Turai tana ba matashi tallafin da ya kai Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar a kan tambayar da ya zaɓa da kansa. Aibinsu ɗaya: ba su da yawa, kuma galibi wanda ya fito daga gidan da ya riga ya yi suna ne ke samu.

Wannan batu na gida mai suna shi ya kawo ni kan matashin da ya taso daga wajenmu. Shi aronsa ninki biyu ne. In ya yi sa'a ya fita, ya shiga wancan layi na kwantiragi, da ƙarin fargabar biza. In ya dawo, jami'a ta tarbe shi da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da tulin takardun jarrabawa, da ƙa'idar ƙarin girma mai ƙidaya yawan abin da ya wallafa ba tare da duba nauyinsa ba. Nazarin da Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin jihar Yobe, ya yi da abokan aikinsa a kan binciken ƙwaƙwalwa a Najeriya ya nuna cewa kaso mai yawa ya karkata ga gwada tsirran magani a kan ɓeraye, kuma kaɗan ne ke amfani da dabarun zamani. Ban raina binciken tsirrai ba, yana da amfaninsa. Amma ba na jin sha'awa ce kaɗai ta tara mutane a kansa. Shi ne abin da ake iya gamawa cikin 'yan makonni, da kuɗin aljihu, kafin lokacin ƙarin girma. Cutar ɗaya ce da ta can, tufafinta ne suka bambanta.

Uzurin rashin kuɗi kuwa ya fara tsufa. Ƙudan Konopka yana kammala girma daga ƙwai cikin kusan kwana goma, abincinsa garin masara ne da yis da sukari, kuma dubbansa na zama a kwalabe kan tebur ɗaya. A 2024 aka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwarsa, ƙwayoyi kusan 139,000 da mahaɗu fiye da miliyan 50, aka kuma buɗe ta a intanet ga duk mai so. Ɗalibi a Sakkwato ko Damagaram yana iya bin layin da ke kai ɗanɗanon zaƙi zuwa bakin ƙuda daidai da ɗalibin Princeton. Ƙungiyar TReND in Africa tun 2011 take koyar da binciken jijiyar ƙwari a jami'o'in Afirka, kuma a 2021 aka buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin da a da sai an tsallaka teku ake ganinsu. Saboda haka ƙofar ba a rufe take ruf ba kamar yadda ake faɗa.

Abin da ya rage shi ne wanda na'ura ba ta bayarwa. Hukumomin da ke kashe miliyoyi wajen tura malami karatu waje su ware kaɗan daga ciki don ranar dawowarsa: shekara biyar da tabbacin albashi, a rage masa rabin azuzuwa, a ba shi ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa don kada abin da ya adana a firji ya narke cikin dare, a bar shi ya zaɓi tambayarsa. In lokacin hisabi ya yi, a nemi mutum uku da suka san fagen su karanta aikinsa guda biyu mafi kyau, maimakon a ba akawu ya ƙirga takardu. Masu ba da tallafi daga ƙetare kuma, in da gaske suke, su daina auna nasararsu da yawan waɗanda suka kwasa zuwa taron bita na mako biyu a otal, su rubuta sunan matashin a matsayin mai tallafin, kuɗin su sauka a ɗakin bincikensa da ke Damaturu ko Zariya, ba a asusun abokin haɗin gwiwarsa na Landan ba.