Tseren Mota: Darasin Ugochukwu Ga Yaran Kura Da Bunkure

A ranin da ya gabata na je Kura domin in duba wata 'yar gonar shinkafa da muka gada. Ina tsaye a bakin magudanar ruwa tare da ɗan wana, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 15 ba ya taho a kan babur, ya ɗauro kwanduna huɗu na tumatir, yana bin siririyar hanyar da ke kan gaɓar magudanar, ruwa a damansa, gona a hagunsa. Ya sha kwana biyu a gabanmu bai sauke ƙafa ba, kuma ko tumatir ɗaya bai faɗi ba. Ɗan wan nawa ya dube ni ya ce, "Baffa, wallahi da a Turai aka haifi wannan, da yanzu a talabijin ake kallonsa yana tseren mota." Daga nan ya ciro waya ya nuna mini wani matashi mai suna Ugo Ugochukwu, wanda ya ce shi ne ɗan Nijeriyar da ake sa ran gani a gasar Formula 1. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta bi ni har gida, domin ta zo daidai da batun da ake yi na kawo wannan gasa Abuja.

Bari mu fara da shi matashin. An haifi Ugochukwu a birnin New York a 2007. Mahaifiyarsa ita ce Oluchi Onweagba, 'yar Nijeriya da ta tashi a Legas, ta kuma yi suna a tallan kayan sawa bayan ta ci gasar nahiyar Afirka a 1998. Mahaifinsa ɗan Italiya ne. Tun yana ƙaramin yaro ya fara tsere da 'yar ƙaramar motar nan marar rufi da ake kira kat, kuma a 2020 ya zama zakaran Turai a ajin yara. A 2021, yana da shekara 13, kamfanin McLaren ya ɗauke shi cikin shirinsa na renon direbobi. Ya zo na uku a gasar Formula 4 ta Ingila a 2022, ya zo na biyu a ta Italiya a 2023, sa'an nan a Nuwamban 2024 ya lashe tseren Makau, wanda yake cikin manyan gwaje-gwajen matasan direbobi a duniya. Shekarar 2025 kuwa ba ta yi masa daɗi ba: a gasar Formula 3 bai shiga cikin goman farko ba, kuma a ƙarshen shekarar suka raba gari da McLaren.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, a duk wannan tafiya babu mataki ko ɗaya da aka taka a ƙasar Nijeriya. Da tutar Amurka yake tsere, a filayen Amurka da Turai ya koyi sana'ar. Suna da jini ne namu, kuma muna da haƙƙin yi masa fatan alheri, amma ba mu da hannu a renonsa. Alfahari da shi ba tare da wannan ikirari ba kwalliya ce da kayan aro.

Hanyar zuwa Formula 1 tsani ne mai matakai sanannu. Yaro yakan fara da kat tun yana shekara shida zuwa takwas, ya hau Formula 4 a wajen shekara 15, daga nan Formula 3, sai Formula 2. Hukumar tseren motoci ta duniya, wato FIA, ba ta ba direba lasisin shiga babbar gasar sai ya tara maki 40 daga sakamakon da ya samu a waɗannan ƙananan gasanni. A can ƙolin kuma kujeru 20 ne kacal har zuwa 2025, suka zama 22 a 2026 da shigowar Cadillac. Lewis Hamilton ya fara kat yana da shekara takwas, McLaren ya ɗauke shi a 1998 yana da 13, ya shiga Formula 1 a 2007, ya zama zakaran duniya a 2008. Max Verstappen ya shiga gasar a 2015 yana da shekara 17. Kimi Antonelli, ɗan Italiya, Mercedes ta ɗauke shi tun bai cika 13 ba, ta kuma ba shi kujerar da Hamilton ya bari a 2025 yana da 18. Duk cikinsu babu wanda aka tsinta da rana tsaka.

A fannina na kimiyyar harshe mun daɗe da sanin wani abu makamancin wannan. Yaron da ya tashi a cikin harshe yakan kama sautinsa da karinsa ba tare da wani ya koya masa ƙa'ida ba, amma wanda ya zo koyo bayan ya girma, ko da ya haddace nahawu, da wuya harshensa ya rabu da gargada. Bature mai digiri a Hausa yakan sha wahala da bambancin kara da ƙara, abin da yaron Bunkure ɗan shekara huɗu ba ya kuskurewa. Haka sarrafa mota a gudun da ya haura kilomita 300 cikin sa'a yake: sanin lokacin da taya za ta zame da inda ya kamata a taka birki abu ne da jiki ke koyo tun da ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron nan na bakin magudana yana da ido da ƙarfin hali, amma a shekara 15 sa'o'insa na Turai sun ba shi ratar shekara takwas ta horo a kan fili, da malami, da agogon auna gudu.

Sai kuma batun kuɗi. Kakar wasa ɗaya a Formula 2 takan ci kusan yuro miliyan biyu ko fiye, kuma akasari iyalin direba ko masu ɗaukar nauyinsa ne ke biya. Shi ya sa yawancin waɗanda suka kai 'ya'yan attajirai ne ko 'ya'yan gidan tsere. Mahaifin Verstappen tsohon direban Formula 1 ne, mahaifin Antonelli yana da kulob ɗin tsere nasa. Waɗanda suka fito daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi sai da iyayensu suka yi sadaukarwa mai tsanani: mahaifin Hamilton ya riƙa haɗa ayyuka daban-daban, iyayen Esteban Ocon na Faransa kuwa gidansu suka sayar suka koma kwana a tirela suna bin filayen tsere. Amma ko su ɗin, akwai filin kat a kusa da su, akwai gasa mai tsari, akwai kuma masu farautar hazaƙa da ke zuwa kallo.

A nan ne nake da ja da shirin Abuja. A 2025 aka ba da labarin cewa Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Malam Shehu Dikko, ta goyi bayan wani kamfani domin ya nemo wa Nijeriya damar karɓar gasar. Ba mu kaɗai ke nema ba. Ruwanda ta bayyana tata niyyar a Disamban 2024, Afirka ta Kudu ma tana son gasar ta dawo filin Kyalami, inda aka yi ta ƙarshe a nahiyar nan a 1993. Sha'awar ba laifi ba ce, amma mu dubi waɗanda suka riga mu. Indiya ta gina katafaren fili kusa da Delhi, aka yi gasa sau uku daga 2011 zuwa 2013, aka daina. Direbobinta biyu da suka taɓa shiga Formula 1, Narain Karthikeyan da Karun Chandhok, sun kai can ne tun kafin a buɗe filin. Koriya ta Kudu ta yi sau huɗu daga 2010 zuwa 2013, ita ma ta haƙura. Biyetnam ta gina nata a Hanoi domin 2020, annoba ta hana a yi, daga nan zancen ya mutu. Ga kuma Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan shida ba, ba ta taɓa karɓar gasar duniya ta Formula 1 ba, amma ta fitar da zakaru uku: Keke Rosberg a 1982, Mika Hakkinen a 1998 da 1999, da Kimi Raikkonen a 2007. Abin da take da shi ƙananan filaye ne barkatai a karkara, da tseren tsofaffin motoci masu araha da talaka ke iya shiga.

Mutumin Kura ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Shinkafar da ta sa garin ya yi suna ta samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can babbar magudana ta ɗauko ruwa, ta raba shi ga matsakaita, su kuma suka raba ga ƙananan da ke shiga gona-gona a Bunkure da Kura da Garun Malam. Injinan casa da kasuwa daga baya suka biyo. Mun kuma ga akasin haka a Kadawa, inda masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote ta fara aiki a 2016, amma ta yi ta buɗewa da rufewa saboda ƙarancin tumatirin da za ta sarrafa, musamman bayan tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar. Haka nan likitoci da injiniyoyin da Kano ke taƙama da su a yau, da yawansu sun fito ne daga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977. An shuka tun daga ƙasa, aka jira shekara ashirin, sa'an nan aka girba.

Na san wani zai ce, Malam, a ƙasar da yara ke zaune a ƙasa a aji, asibiti babu magani, ina ruwanmu da wasan masu kuɗi? Na yarda da shi a kan babbar gasar: kuɗin karɓar baƙuncinta dala miliyan gommai ne a kowace shekara, kuma bai kamata sisin gwamnati ya shiga ciki ba. Amma tseren yana nan a cikinmu, ko mun so ko mun ƙi. Duk wanda ya zauna a Kano ya san wasan mota da na babur da samari ke yi a lokacin biki, kuma ya san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. Hausa ma ta nuna matsayinmu: gudun doki muna da sukuwa da kilisa, kalmomin girma, gudun mota kuwa sunansa ganganci. Doki mun yi masa fili da ƙa'ida da alƙalai, mota kuma mun bar ta a kan titin da mata da yara ke tsallakawa. Sa'an nan kowane babban kulob na Formula 1 yana ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, wasu sun kai dubu, alhali direbobinsa biyu ne. Sauran injiniyoyi ne da makanikai da masana kwamfuta. Wannan ita ce ƙofar da ta fi faɗi ga yaranmu.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta farko, attajiran Kano da ke kashe dukiya a wasan folo su haɗa hannu su gina ƙaramin filin kat a wajen gari, mai tsaro da malamai, a riƙa yin gasar makarantu, a ware gurbi kyauta ga yaran karkara. Ko da shirin Abuja ya haɗa da irin wannan fili, guda ɗaya a babban birni ba zai isa ga ɗan Bunkure ba. Ta biyu, sassan injiniya na Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya ta Wudil su shiga gasar da ɗaliban jami'o'in duniya ke yi ta ƙera ƙaramar motar tsere, su kuma jawo makanikan Ƙofar Ruwa cikin aikin, domin akwai ilimi a hannunsu da babu shi a littafi. Ta uku, gwamnati ta tsaya a kan nata aikin, wato ba da fili da kafa doka, ta kuma hukunta duk wanda ya mai da titi filin tsere bayan an samar masa da wurin da ya dace.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa wannan zai fitar da zakaran duniya daga Kura. Ugochukwu da ya sami duk gatan da ake nema, ga shi har yanzu yana fafutukar hawa, kuma mafi yawan masu hawa tsanin ba sa kaiwa ƙarshensa. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne za mu sami direbobi masu tarbiyya da makanikai masu ilimi, mu kuma rage jana'izar samari. Yaron da na gani a bakin magudana wataƙila yanzu yana kan hanyar Kwanar Gafan da wani lodin, yana goga kafaɗa da manyan motoci a titin Zariya, babu hular kwano. Allah Ya tsare shi, Ya kuma ba shugabanninmu basirar fara gini daga tushe.